Yadda ake hasashen hanyar guguwar teku da ƙarfinta, da dalilin da ya sa ɗaya ya fi ɗaya wuya

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan bin labaran mahaukaciyar guguwar da ke tasowa daga teku, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Sai in ga an zana taswira tun saura kwana huɗu ko biyar an ce ga inda guguwa za ta faɗa, kuma ta je ta faɗa kusa da wurin. Amma a watan Oktoban 2023 guguwar Otis ta afka wa birnin Akapulko na ƙasar Meziko da ƙarfin da ba a yi tsammani ba. Ta yaya masana ke sanin hanyar da guguwa za ta bi? Me ya sa kuma wanda ya iya faɗin inda za ta je zai kasa faɗin ƙarfin da za ta iso da shi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayarka, ɗan'uwa, ta kasu gida biyu, kuma haka mu ma muke raba aikin a ɗakin hasashe: ina guguwar za ta bi, sannan da wane ƙarfi za ta isa. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma sananne ne a wurin masu wannan aiki. Hasashen hanya ya inganta ƙwarai a cikin shekaru talatin da suka wuce, shi kuwa hasashen ƙarfi ya daɗe yana jan ƙafa, sai a 'yan shekarun nan ya fara motsawa. Dalilin a taƙaice shi ne, hanyar guguwa tana hannun manyan iskoki masu faɗin dubban kilomita waɗanda muke iya gani da aunawa, ƙarfinta kuwa yana ƙulluwa ne a ɗan ƙaramin wuri a tsakiyarta, wanda faɗinsa bai wuce 'yan gomman kilomita ba, kuma nan ne wurin da ya fi ko'ina wuyar leƙawa.

Kafin mu shiga, ya kamata a san abin da ke raya guguwar. Tana tasowa ne a kan teku mai ɗumi, inda zafin ruwan ya kai kusan digiri 26 da rabi a ma'aunin Selshiyas, kuma ɗumin ya nutsa zuwa zurfin mita 50 ko makamancin haka. Tururi yana tashi daga ruwan, idan ya hau sama ya yi sanyi ya koma ɗigon ruwa sai ya saki zafin da ya ɗauko, wannan zafin ya ƙara ɗaga iska sama, matsin iska a ƙasa ya ragu, iskar gefe ta kwararo don cike gurbin, ita ma ta kwaso nata tururin. Juyawar duniya a kan kanta ita ke murɗa wannan iska mai kwararowa har ta zama kewaye, shi ya sa da wuya guguwa ta ƙullu a cikin digiri biyar daga layin ikwaita, inda murɗawar ba ta da tasiri. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna, idan ya kai 119 ta shiga sahun manya, a ma'aunin Saffir da Simpson kuma, wanda ke raba manyan guguwoyi zuwa mataki biyar gwargwadon gudun iskarsu, mataki na uku yana farawa daga 178, na biyar daga 252.

Abin da ke jan akalar guguwa

Duk girman guguwa da fushinta, ba ita ke zaɓar hanyarta ba. Ka ɗauke ta kamar ɗan majuyin ruwa a cikin kogi: yana juyawa a kan kansa da sauri, amma inda kogin ya nufa nan zai bi. Kogin a nan shi ne iskar da ke kewaye da guguwar, tun daga kusa da ƙasa har zuwa tsayin kilomita goma da wani abu. A Tekun Atilantika akwai wani babban yanki mai matsin iska mai yawa da ke zaune tsakanin tsibiran Azores da Bamuda, kuma iskar da ke gefensa na kudu tana kaɗawa ne daga gabas zuwa yamma. Saboda haka guguwar da ta samo asali daga tarin hadarin da ya fita daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya wuce ta kusa da tsibiran Kep Bad, takan miƙe yamma har sai ta kai ƙarshen wannan yanki, sannan ta lanƙwasa arewa, daga baya iskar yamma ta yankuna masu sanyi ta ɗauke ta zuwa arewa maso gabas. Idan yankin ya yi ƙarfi ya miƙe har yamma, guguwar ta shiga Karibiyan ko mashigin tekun Meziko. Idan ya yi rauni ko ya tsage a tsakiya, sai ta sami ƙofa ta fice arewa ta mutu a tsakiyar teku ba tare da ta taɓa kowa ba.

Akwai wasu abubuwa da ke gyara wannan hoto. Guguwa mai ƙarfi doguwa ce, ta kai can sama, don haka iskar dukkan matakan sararin samaniya ce ke tura ta, mai rauni kuwa gajera ce, iskar ƙasa-ƙasa kawai take bi. Wannan yana nufin idan ka kuskure ƙarfinta kana iya kuskure hanyarta, musamman a lokacin da iskar sama da ta ƙasa suka fuskanci wurare daban-daban. Sannan ko da babu iskar da ke tura ta, guguwa takan ɗan sulala da kanta zuwa yamma da kuma nesa da layin ikwaita da gudun kilomita kaɗan a awa, saboda murɗawar juyawar duniya ba daidai take ba a gefenta na arewa da na kudu. Idan kuma guguwa biyu suka kusanci juna, kamar tazarar kilomita 1,400, sukan fara kewaya juna, abin da masanin nan na Japan Sakuhei Fujiwhara ya bayyana tun 1921.

Lokacin da hasashen hanya ya fi wahala shi ne lokacin da iskar da ke turawa ta mutu, guguwar ta tsaya tana jujjuyawa a wuri ɗaya, ko kuma ta iso mararraba inda bambancin awa goma sha biyu zai yanke ko wata iska mai wucewa daga arewa za ta ɗauke ta ko za ta bar ta. Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 misali ce da kowane mai hasashe ya sani. Hanyar da aka saba gani ita ce ta fice gabas cikin teku, amma wani yanki mai matsin iska mai yawa da ya kafu kusa da Girinlan ya tare mata gaba, wata iska kuma daga yamma ta jawo ta, sai ta karya hagu ta faɗa jihar Niyu Jazi ta Amurka a ranar 29 ga watan. Manhajar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Turai ta nuna wannan karyawa tun saura kusan mako guda, a lokacin da babbar manhajar Amurka ke kai ta teku.

Yadda aikin ke gudana a ɗakin hasashe

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta raba tekuna tsakanin cibiyoyi. Mayami ce ke lura da Atilantika da gabashin Fasifik, Honolulu da tsakiyar Fasifik, Tokiyo da yammacinsa, Niyu Delhi da arewacin Tekun Indiya, tsibirin Reyuniyon da kudu maso yammacin Tekun Indiya, Nadi ta ƙasar Fiji kuma da kudancin Fasifik. Ana fitar da cikakken hasashe duk bayan awa shida, kuma kowane zagaye da tambaya guda yake farawa: ina tsakiyar guguwar take a yanzu, kuma ta ina ta motsa a cikin awannin da suka wuce? A kunne tambayar tana da sauƙi, kuma idan guguwa ta buɗe ido sarai, wato wurin nan mai natsuwa da ke tsakiyarta, a hoton tauraron ɗan'adam hakan take. Amma a ƙaramar guguwa wadda gajimaren sama ya lulluɓe, musamman da dare lokacin da babu hoton hasken rana, ina iya ɓata mafi yawan lokacina a kan wannan tambaya kaɗai, ina jiran wucewar wani tauraro mai na'urar da ke ratsa gajimare ko mai auna iskar saman ruwa, domin kuskuren kilomita 50 a wurin farawa yana bin hasashen har ƙarshensa.

Daga nan sai manhajojin lissafi. Abin da suke yi shi ne su yanka sararin samaniyar duniya gaba ɗaya zuwa ƙananan akwatuna, su zuba wa kowane akwati zafi da danshi da matsin iska da gudunta gwargwadon abin da aka auna daga taurarin ɗan'adam da balan-balan da jiragen sama da na ruwa, sannan su yi amfani da dokokin kimiyyar motsi da zafi su lissafa yadda komai zai sauya daga minti zuwa minti har kwana goma ko fiye. Babu wanda ya san halin sararin samaniya na yanzu daidai-wa-daida, kuma tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin bambanci a farkon irin wannan lissafi yana girma har ya sauya sakamakon gaba ɗaya. Saboda haka ba a gudanar da manhaja sau ɗaya a tsaya. Cibiyar Turai tana gudanar da tata sau 51, kowane karo da ɗan sauyi a bayanan farawa. Idan layukan hanya 51 da lissafin ya zana wa guguwar suka tafi a dunƙule, mun san yanayin ya fito fili. Idan suka rabu gida biyu, wasu arewa wasu yamma, to mararraba ce, kuma a nan bai halatta mai hasashe ya ja layi ta tsakiya ya yi shiru ba, dole ya faɗa wa jama'a cewa hanyoyi biyu ne a buɗe.

Abin da aiki ya koya mini, kuma alƙaluman tantancewa na shekaru suka tabbatar, shi ne matsakaicin manhajoji masu kyau guda huɗu ko biyar yakan fi kowace ɗaya daga cikinsu dacewa idan aka daɗe ana gwadawa, domin kurakuransu sukan soke juna. Don haka ba na sakin wannan matsakaici sai da hujja mai ƙarfi, misali idan na ga wata manhaja ta fara da guguwar a wurin da ba nan take ba, ko ta ɗauke ta mai rauni alhali jirgi ya auna ta da ƙarfi. Haka kuma ba ma yarda hasashen hukuma ya riƙa tsalle daga dama zuwa hagu duk bayan awa shida don kawai wata manhaja ta sauya ra'ayi. Mukan matsa da layin sannu a hankali har sai sauyin ya tabbata. Wasu na ganin wannan jinkiri ne, ni kuwa ina ganin wajibi ne, domin hukumar da ke shirin kwashe dubban mutane ba za ta iya aiki da hasashen da ke sauya gari kowace safiya ba, kuma jama'ar da aka tayar sau biyu a banza ba za su tashi a karo na uku ba.

Sakamakon wannan duka a bayyane yake. A Atilantika kuskuren hanya ya ragu da fiye da rabi tun daga 1990, har cibiyar Mayami ta fara fitar da hasashen kwana biyar a 2003. Amfanin kuma rayuka ne. Guguwar da ta faɗa jihar Odisha ta Indiya a 1999 ta kashe mutum kusan 10,000, amma da guguwar Phailin ta nufo jihar a 2013 an kwashe kusan mutum miliyan guda tun kafin ta iso, waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba.

Dalilin da ya sa ƙarfi ke kuɓuce mana

A tsakiyar babbar guguwa akwai ido, wuri mai natsuwa wanda faɗinsa yakan kama daga kilomita 30 zuwa 65, a kewaye da shi kuma akwai katangar gajimare inda iska mafi ƙarfi take. Ƙarfin guguwa labarin wannan katanga ne. To manhajar duniya mafi kyau a yau akwatunanta suna da faɗin kusan kilomita 9, ka ga katangar gaba ɗaya ba ta wuce akwatuna kaɗan ba, ga shi kuma hadarin da ke tashi a cikinta, wanda shi ke sarrafa zafin, faɗinsa bai fi kilomita ɗaya zuwa biyar ba, rayuwarsa kuma ba ta wuce awa guda ba. Shi ya sa aka ƙera manhajoji na musamman masu ƙananan akwatuna da ke bin guguwar duk inda ta je, irin HAFS da Amurka ta fara aiki da ita a 2023, aka kuma riƙe tsofaffin hanyoyin ƙididdiga irin SHIPS, waɗanda ke duba abin da guguwoyin baya suka yi a irin wannan yanayi.

Abubuwan da ke ƙara wa guguwa ƙarfi ko su rage mata mun san su. Na farko ɗumin teku, kuma ba na saman ruwa kaɗai ba. Guguwa tana dama ruwan da take bi ta kansa, ta tono mai sanyi daga ƙasa, don haka idan ɗumin bai yi zurfi ba, ko kuma tana tafiya a hankali, da kanta take kashe abin da ke raya ta. Idan kuwa ta hau kan igiyar ruwa mai ɗumi har can ƙasa, kamar yadda Katrina ta yi a mashigin tekun Meziko a Agustan 2005 ta kai mataki na biyar, babu sanyin da za ta tono. Tauraron ɗan'adam fatar ruwa kawai yake auna zafinta, zurfin kuwa sai an haɗa da tsayin saman teku da na'urorin da ke shawagi a cikin ruwa. Na biyu saɓanin iska, wato bambancin gudu ko alkibla tsakanin iskar ƙasa da ta can sama. Idan saɓanin ya yi yawa yakan karkatar da guguwar, ya raba kanta da gindinta, ya kwashe zafin da take tarawa a tsakiya. Na uku busasshiyar iska, irin wadda ke fitowa daga Sahara ɗauke da ƙura ta ratsa Atilantika, wadda idan ta sami shiga cikin guguwa takan kashe hadarin. Na huɗu ƙasa, musamman mai tsaunuka.

Matsalar ita ce sanin waɗannan abubuwa yana gaya maka iyakar abin da guguwa za ta iya kaiwa ne kawai, kamar yadda Kerry Emanuel ya lissafa a shekarun 1980, kuma mafi yawan guguwoyi ba sa kaiwa wannan iyaka. Guguwa biyu za su iya zama a kan ruwa mai ɗumi ɗaya, cikin saɓanin iska iri ɗaya, ɗaya ta yi kwana biyu tana fama, ɗaya kuma ta haɗa katangarta a dare guda ta haura mataki uku. Bambancin yana cikin tsarin cikinta: shin tsakiyarta ta ƙasa da ta sama sun daidaita a kan juna, shin hadarin ya zagaye tsakiyar ko yana gefe guda, shin busasshiyar iskar ta kutsa ko tana kewaye kawai. Idan gudun iska ya ƙaru da kilomita 55 a awa cikin awa 24 muna kiransa ƙaruwar gaggawa, kuma kusan duk guguwar da ta kai mataki na huɗu ko na biyar ta bi ta wannan hanya. Sau da yawa mukan ga cewa sharuɗɗan sun cika, abin da ke gagarar mu shi ne faɗin awar da za ta fara. Ga kuma wani abu da ke faruwa ga manyan guguwoyi: sabuwar katanga takan ƙullu a wajen tsohuwar, ta shaƙe ta, ƙarfin iska ya ragu na kwana guda ko ƙasa da haka, sannan ya dawo, guguwar kuma ta ƙara faɗi. Ko za ta sauka a tsakiyar wannan sauyi ko bayansa yana iya zama bambancin mataki guda cur.

Sai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, wato ko ƙarfin guguwa na yanzu, a mafi yawan tekunan duniya, ƙiyasi ne ba awo ba. Tun shekarun 1970 muke amfani da hanyar da Vernon Dvorak ya tsara, inda ake duba siffar gajimare a hoton tauraro, yadda ya naɗe, da sanyin samansa, da ɗumin idon, a ba shi lamba daga 1 zuwa 8, a fassara lambar zuwa gudun iska. Hanya ce mai albarka, ta yi wa duniya aiki na shekaru hamsin, amma takan makara idan guguwa ƙarama ce kuma tana ƙaruwa da sauri. Awo na gaskiya sai jirgin sama ya ratsa ta cikin katangar ya shiga idon, yana sakin na'urori masu lema da ke aiko da matsin iska da zafi da gudu har su faɗa ruwa. Ana yin wannan a kai a kai a Atilantika da kusa da gaɓar Amurka, amma a yammacin Fasifik Amurka ta daina shi tun 1987, a kudu maso yammacin Tekun Indiya kuwa, inda Madagaska da Mozambik suke, tauraro ne abin dogaro.

Otis ta haɗa dukkan waɗannan matsaloli. Ƙarama ce ƙwarai, don haka manhajoji ba su ga cikinta da kyau ba, sun kuma ɗauka saɓanin iskar da ke wurin zai hana ta girma. Tana kan ruwa mai zafi sosai. Sai da jirgi ya shiga cikinta da ranar 24 ga Oktoba aka gane ta riga ta fi abin da hoton tauraro ke nunawa, kuma tana ci gaba da hauhawa. Cikin kusan kwana guda ta tashi daga guguwar da ba ta kai mataki na ɗaya ba zuwa mataki na biyar, ta sauka cikin daren 25 ga watan da iska mai gudun kusan kilomita 260 a awa. Hanyar da aka zana mata ba ta yi nisa da gaskiya ba, gaɓar da aka ce za ta nufa ita ta nufa. Amma ka tuna cewa ƙarfin bugun iska a jikin gini yana ninkuwa huɗu ne idan gudunta ya ninka biyu, don haka mutumin da aka ce ya shirya wa iska mai gudun 120 sannan 260 ta same shi, shirinsa bai amfane shi da komai ba.

Yadda ya kamata ka karanta taswirar

Siffar mazurarin nan da kake gani a taswira, wadda ake zanawa a kewaye da layin hanyar guguwa, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ba girman guguwar take nunawa ba, ba kuma iyakar inda ɓarna za ta tsaya ba. Cibiyar Mayami tana zana ta ne da kurakuranta na shekaru biyar da suka gabata, ta yadda tsakiyar guguwa za ta kasance a ciki sau biyu cikin uku. A 'yan shekarun nan tazarar daga layin tsakiya zuwa gefe ta kai kusan kilomita 70 a hasashen kwana guda, kusan 190 a na kwana uku, kusan 400 a na kwana biyar. Wato sau ɗaya cikin uku tsakiyar kanta tana fita waje, iska da ruwan sama kuwa kullum suna wuce gefen da ɗaruruwan kilomita. A Agustan 2004 hankalin kowa ya tafi kan birnin Tampa na jihar Filorida ta Amurka saboda layin tsakiya ta nan ya bi, sai guguwar Charley ta ɗan karkata dama, ta haura daga mataki na biyu zuwa na huɗu cikin 'yan awanni, ta faɗa kusa da Punta Gorda, fiye da kilomita 100 kudu. Wurin yana cikin mazurarin, yana kuma ƙarƙashin gargaɗi, amma mutane da yawa layin suka kalla. Idan guguwa na tafiya kusan a jere da gaɓa, kamar yadda Charley ta yi a yammacin Filorida, 'yar karkata kaɗan tana sauya wurin sauka da nisa mai yawa.

Lambar mataki ma gudun iska kawai take faɗa, alhali ruwa ne ya fi kisa. Binciken da aka yi kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne sanadinsu, rabi daga tunkuɗowar teku zuwa tudu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga ambaliyar ruwan sama. Katrina ta sauko zuwa mataki na uku kafin ta sauka, amma saboda faɗinta ta tunkuɗo ruwan da ya haura mita 8 a gaɓar Misisipi. Harvey a 2017 ta tsaya cik a kan Teksas bayan iskarta ta yi rauni, ta zubar da ruwan sama fiye da milimita 1,500 a wasu wurare. Freddy, wadda ta yi kwana 36 a Tekun Indiya a 2023 ta kuma shiga Mozambik sau biyu, mafi munin ɓarnarta a kudancin Malawi ta yi, ƙasar da ba ta da gaɓar teku, ta hanyar ambaliya da zaftarewar ƙasa. Saboda haka shawarar da nake ba duk wanda ke kan hanyar guguwa ita ce ya yarda da hasashen hanya a matsayin yanki ba layi ba, ya shirya wa mataki guda sama da wanda aka faɗa, ya kuma nemi bayanin ruwa da saurin tafiyar guguwar kafin ya nemi lambar matakinta. A tsarin Amurka ana fitar da sanarwar a zauna cikin shiri awa 48 kafin iska mai haɗari ta fara, gargaɗi kuma awa 36, domin da zarar iskar ta fara lokacin tafiya ya wuce, ko da idon yana da sauran nisa.

Game da inda aka kwana a yanzu, manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin GraphCast da aka bayyana a 2023 da AIFS da Cibiyar Turai ta fara aiki da ita a Fabrairun 2025, sun nuna ƙwarewa ta gaske a hasashen hanya, kuma cikin minti kaɗan suke gama lissafin da ke cin manyan kwamfutoci lokaci mai tsawo. Na farkonsu sun riƙa rage wa guguwa ƙarfi, saboda bayanan tarihin da suka koya daga ciki akwatunansu sun kai faɗin kusan kilomita 30, katangar ido ba ta fita a cikinsu. Ana aikin gyara wannan, kuma hasashen ƙaruwar gaggawa ya fi na shekaru goma da suka wuce, har masu hasashe sun fara samun ƙarfin halin rubuta ta a sanarwar hukuma tun kafin ta faru. Sai dai babu manhajar da za ta lissafa abin da ba a auna ba. Matuƙar ƙaramar guguwa za ta iya kusantar gaɓa mai cike da jama'a ba tare da jirgi ko na'urar rada ta leƙa cikinta ba, abin da ya faru a Akapulko yana iya sake faruwa, kuma ƙasashen da suka fi fuskantar wannan haɗari su ne waɗanda ba su da jiragen.